Yaron da Bakinsa Bai Buɗe da Wuri Ba: A Jira ko A Tashi Tsaye?

Goggon Yara:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana cikinmu. A gidajenmu in yaro ya kai shekara biyu da rabi ko uku bai fara magana ba, sai ka ji ana cewa a ƙyale shi, nauyin baki ne, balle in namiji ne. Wai hankalinsa garau yake, bakin ne kawai bai buɗe ba. To haka abin yake? Hankali yana ta girma shi kaɗai yana jiran baki, ko rashin maganar yana taɓa hankalin ma? Kuma yaushe ake daina jira?

Dakta Mai Kunne:
Wa alaikumus salam, Goggo. Bari in fara da ta ƙarshe, don ita ce ta gaggawa.

Tsakanin wata 6 zuwa 10 jariri ke fara gwaranci mai gaɓa, irin ba-ba-ba da da-da-da. Wajen wata 12 ya kamata a ga yana waiwayowa in an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa sannan ya kalli fuskar babba, ya kuma fara kalma ɗaya ko biyu. A wata 18 in aka ce "kawo takalminka" ba tare da an nuna masa ba, ya tafi ya ɗauko. A wata 24 ma'aunin da likitoci ke riƙe da shi: kalmomi kusan 50, da haɗa kalma biyu, kamar "Baba tafi" ko "ba ruwa". Wanda bai kai nan ba a shekara biyu shi ake kira mai jinkirin magana.

Gaskiya ne da yawansu suna kamo sa'o'insu, shi ya sa maganar tsofaffi ba ƙarya ce zalla ba. Amma waɗanda ke kamowa su ne masu fahimtar abin da ake faɗa, masu nuni, masu wasan kwaikwayo irin shayar da 'yartsana. In yaro ba ya fahimta, ko ba ya nuni, ko ya taɓa samun kalmomi suka ɓace, babu sauran jira. Kuma matakin farko gwajin ji ne, ba gidan wanzami ba.

Tafin da ake yi a bayan yaro a gida ba gwaji ba ne. Yaron da ba ya ji yana ganin inuwar hannu, yana jin iskar tafin a ƙeyarsa, yana jin motsin ƙasa, sai ya waiwayo a ce ai yana ji. Ga shi kuma jariri kurma yana dariya yana guɗa a watannin farko kamar kowane jariri, sai an zo wurin gwaranci mai gaɓa ake ganin ya makara. A asibitin da ke da kayan aiki, ɗan ƙaramin abu ake sa wa a kunnen jaririn yana barci, na'ura ta auna amsawar can cikin kunne, minti kaɗan an gama. Ƙa'idar da ake bi: a tantance kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A yankinmu kuwa duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko aka yi masa alluran jentamaisin (wani maganin kashe ƙwayoyin cuta), ko kunnensa ke yawan zubar da mugunya, a gwada jinsa ko da ba wanda ya yi ƙorafi. Na sanƙarau kada a wuce makonni kaɗan bayan sallama.

Ɗalibin Harshe:
Allah ya saka, Dakta. In ƙara bayanin abin da ya sa watannin farko ke da tsada haka. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka gwada jarirai 'yan gidajen masu Turanci a Kanada da wasu sautuka biyu na harshen Hindi da Bature babba ba ya iya rarrabewa. 'Yan wata 6 zuwa 8 kusan duk sun rarrabe. 'Yan wata 10 zuwa 12, kaɗan ne suka iya. Wato tun kafin kalmar farko kunne ya riga ya fara zaɓen sautukan da yake ji a gida yana sakin sauran. Jaririn Bahaushe yana riƙe bambancin b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, da hawa da saukar murya, saboda su yake sha kullum.

Na biyun ya fi shafar zamanin nan na waya. A 2003 Patricia Kuhl ta kawo jarirai 'yan wata 9 a Amurka, aka yi musu zama 12, kowanne kamar minti 25, da masu jin Sinanci suna wasa da su suna karanta musu. Suka riƙe sautukan Sinancin. Wani rukunin aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin, wani kuma murya kawai aka sa musu. Waɗannan ba su tsinci komai ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa ji ba. Saboda haka miƙa wa jariri waya da katun don "ya koyi Turanci" ɓata caji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 cewa ta yi kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Malam Mai Ja:
Ban ƙi ta taku ba, amma ba ku taɓa ainihin tambayar Goggo ba. Kun nuna yadda ake koyon harshe, ba ku nuna cewa harshe ke gina hankali ba. Ni ina da ja a nan.

A 2005 Rosemary Varley a Ingila ta gwada mutum uku da ƙwaƙwalwarsu ta samu mummunan rauni a ɓangaren harshe, har ba sa iya bambanta "zaki ya kashe mutum" da "mutum ya kashe zaki". Amma da aka ba su lissafi a rubuce da alƙaluma, har mai baka-biyu a ciki, suka warware. Evelina Fedorenko ta shafe shekaru tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ta nuna wuraren da ke aiki in ana sarrafa jimla kusan shiru suke in mutum na lissafi ko warware matsala. A 2024 ita da abokan aikinta suka fito ƙarara suka ce harshe kayan isar da saƙo ne, ba shi ne tunani ba.

Sannan batun a yi ta yi wa jariri surutu. Mutanen Tsimane a Bolibiya, da aka auna, maganar da ake fuskantar ƙaramin yaro da ita ba ta kai minti ɗaya a awa ba. Kaluli na Papuwa Sabuwar Gini ba sa ɗaukar jariri abokin hira. 'Ya'yansu duk suna tashi da harshensu cikakke. Kada mu ɗauko tarbiyyar masu kuɗin Amurka mu mai da ita dokar halitta.

Mai Maganar Hannu:
Allah ya gafarta Malam, mutanen Varley manya ne da suka yi shekaru da dama da harshe kafin ya lalace. Magini in ya gama gini ya kwance katakon da ya taka, ginin ba ya faɗuwa, amma wannan bai nuna an yi shi ba katako ba. Tambayar Goggo kan mai tasowa ce. In ana son amsarta, sai a duba yaron da kansa lafiya lau amma harshe bai iso gare shi ba. Wannan kuwa shi ne kurman da aka haifa a gidan masu ji, kuma fiye da 90 cikin 100 na kurame a irin gidan ake haifarsu.

Ga gwajin, kowa zai iya yi da 'yartsana biyu, kwano mai murfi, kwando da alewa. Ta farko ta sa alewa a kwano ta rufe, ta fita. Ta biyu ta ɗauke ta mayar cikin kwando. Ta farko ta dawo. A tambayi yaro: "Ina za ta fara neman alewarta?" Sai a bi da tambaya biyu don a tabbatar ya bi labarin: ina alewar take yanzu, ina aka fara sa ta? Ɗan shekara 3 yawanci kwando zai ce, don a wurinsa abin da ya sani kowa ya sani. Wajen shekara 4 zuwa 5 sai ya koma cewa kwano: ya gane mutum na iya riƙe abin da ba haka yake ba a ransa. Inda masu gwadawa ke ɓata abin shi ne su kalli kwanon suna tambaya, ko su ce "ina alewar take" maimakon "ina za ta nema".

To kurman da iyayensa kurame ne, ya tashi da maganar hannu tun yana goye, yana cin gwajin nan a kan lokaci. Wanda ya tashi a gidan da ba a yi masa maganar hannu yakan makara da shekaru. Kunnen iri ɗaya ne, samun harshen ne ya bambanta.

Nikaraguwa ta fi fito da abin fili. A 1977 aka buɗe wa kurame makaranta a Managuwa. Malamai na fama da koya musu karanta leɓe, yaran kuwa a filin wasa da cikin motar makaranta suka ƙago harshen hannu nasu. Ƙananan da suka shigo daga baya suka ƙara masa nahawu da kalmomi. Jennie Pyers da Ann Senghas suka gwada rukunin farko, lokacin sun zama manya masu sana'a, da irin gwajin can cikin hotuna. Da yawansu suka faɗi, ƙannensu na rukuni na biyu suka ci. Bambancin da aka gano: manyan ba su cika amfani da alamun "sani", "zato" da "tunani" ba. Bayan shekara biyu aka koma, an yi ta cuɗanya da ƙannen a ƙungiyar kurame, manyan sun ɗauki alamun, kuma cin gwajinsu ya ƙaru. An buga wannan a 2009.

Malam Mai Ja:
Wannan hujja ce mai nauyi, 'yar'uwa, na karɓa a kan fahimtar zuciyar wani. Amma a rage faɗin da'awar. Gane fuska, gane hanya, sarrafa kayan aiki, ƙiyasta yawa da ido, duk ba sa jiran harshe. A ce wasu sassan tunani ne.

Tsohon Hedimasta:
Wasu sassan, Malam, amma su ne makaranta ke tsaye a kansu. Ɗauki ƙidaya. Yaro ɗan shekara biyu da rabi zai rera maka ɗaya zuwa goma tsaf, uwa ta yi ta murna. Zuba masa ƙwallayen dabino goma a faranti ka ce "ba ni ɗaya", zai ba ka. Ka ce "ba ni uku", sai ya damƙo ya zube maka. Karen Wynn ce ta tsara wannan gwaji wajen 1990. Yaro yana fara sanin ɗaya, bayan watanni ya san biyu, sannan uku, sai daga baya, wajen shekara uku da rabi zuwa huɗu, ya gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin gaba ɗaya. Tafiyar takan ci shekara ko fiye. Abin da ke taimakonsa ba rerawa ba ne. A sa shi ya taɓa kowane abu yana faɗin lambarsa, a ƙarshe babba ya zagaye su da hannu ya ce "uku ke nan, dabino uku".

Mutanen Piraha na dajin Amazon a Barazil ba su da kalmomin ƙidaya tsayayyu. In aka jera musu abubuwa a gabansu aka ce su jera daidai, suna iyawa. In aka zuba abubuwan ɗaya bayan ɗaya cikin gwangwani ba sa gani, daga an wuce uku sai kuskure ya fara yawa. Ba dabara suka rasa ba, abin riƙe adadin ne babu.

Shi ya sa nake jin ciwon abin da ake yi wa 'yan aji ɗaya. Yaro ya zo da Hausar da yake ƙidaya da ita, yake musu da ita, yake tambaya da ita, a ce ya ajiye ta a bakin ƙofa. Sai ya koma haddar sautin da bai san ma'anarsa ba. Masu bincike kan karatu sun nuna sai mai karatu ya san aƙalla 95 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi sosai. Jim Cummins kuma ya nuna a Kanada cewa yaran da suka shigo daga wasu ƙasashe kan iya Turancin hira cikin kamar shekara 2, amma na karatu yana ɗaukar 5 zuwa 7. Can fa inda Turancin ke kewaye da su ko'ina ke nan. A Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara duk shekara shida na firamare da Yarbanci, Turanci na matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza a Turancin ba, a sauran darussa kuma suka yi gaba. Nijar ta buɗe irin wannan makarantar gwaji da Hausa a Damagaram a 1973. Manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a shekarun farko na firamare. Inda abin ke mutuwa kullum wuri ɗaya ne: ba littattafai, ba a horar da malami ya koyar da lissafi da Hausa ba, sannan a aji huɗu a juya harshe dare ɗaya.

Ɗan Zongo:
Baba Hedimasta, to mu nan Kumasi fa? Yaro na jin Hausa a gida, Tuwi a layi, Turanci a makaranta. Ana cewa yawan harsunan ne ke sa nauyin baki, a tsaya kan ɗaya.

Ɗalibin Harshe:
Ɗan'uwa, kada a tsaya. Mai harshe biyu ko uku yana fara kalmar farko da haɗa kalmomi a daidai lokacin da sauran yara ke yi. Kuskuren daga wurin ƙirga yake. In za a duba kalmomi 50 da Dakta ya faɗa, a haɗa na duk harsunan, ba na guda ba. Cakuɗa su a jimla ɗaya ba ruɗewa ba ce, manyan Zongo ma haka suke yi, kuma tun wajen shekara biyu yaro ke fara gane wa ake yi wa wane harshe. In jinkiri na gaske ne, a duk harsunan zai bayyana. Babbar asara ita ce uwa ta bar Hausar da take iya zolaya da tatsuniya da ita, ta koma guntun Turancin "zo, zauna, bari". Harshen ya ragu, kuma an yanke yaro daga kakanninsa. Sai dai kada a zarce: maganar cewa harshe biyu na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa har yanzu masana na jayayya a kanta.

Goggon Yara:
Na gode ƙwarai. Amma maganar Malam Mai Ja ta tsaya min. Mu ma ai ba mu saba zama muna hira da jariri ba, ga kunyar ɗan fari, wata uwar ko sunansa ba ta kira. In Tsimane sun tashi lafiya, me zai sa mu canza?

Malamar Raino:
Goggo, a raba abu biyu. Iya harshe, wato nahawu da hirar yau da kullum, kusan kowane yaro mai ji yana samu, ko daga bakin wa ya fito. A gidan yawa kaka da goggo da yayye suna cike gurbin da kunya ta bari, kuma goyo yana sa yaro a tsakiyar hira duk yini. Matsalar ita ce gidan ya canza. Amarya a ɗaki biyu cikin birni, miji ya fita tun safe, ba kaka ba yayye, kunyar na nan, waya na hannu. Wa ya rage ya amsa wa yaron?

Amsawar ce kuma ke aiki, ba yawan surutu ba. Lissafin nan da ya yi suna na tazarar kalmomi miliyan 30 a abin da yaro ke ji tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa daga gidaje 42 kacal aka ciro shi a 1995, kuma an soke shi da cewa bai ƙirga maganar da yaro ke ji a gefe ba. A 2018 Rachel Romeo ta auna yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6, ta ga yawan karɓa-karɓar magana tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomin alaƙa da ƙwarewar yaron da aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwarsa.

An gwada a wuri mai kama da namu. A ƙauyukan Wolof na yankin Kaolack a Senegal, inda ake gudun yawan yi wa jariri magana saboda tsoron iska, ƙungiyar Tostan ta bi ta hannun limamai da dattawa. Binciken da ya fito a 2017 ya nuna maganar iyaye ga yara a zaman wasa ta kusa ninkawa, ta yaran ma ta ƙaru. A Kingston ta Jamaika kuma, daga 1986, aka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa kai musu ziyarar awa ɗaya duk mako har shekara biyu, ana nuna wa uwa wasa da hira da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 kuɗin da suke samu ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ƙarin abinci shi kaɗai bai bar irin wannan tasiri mai ɗorewa ba.

Yadda ake yi ba ya cin ko sisi. Ki bi idonsa, abin da yake kallo shi za ki ambata, ba abin da ke ranki ba. In kin yi magana ki dakata ki ƙirga biyar a zuci, don yawancin manya ba sa barin gurbin amsa. In ya ce "mota", ki ƙara kalma ɗaya ko biyu: "eh, mota ta tafi". In ya ce "tatalmi" kada ki ce ba haka ba ne, ki dai maimaita daidai cikin jimla. Kada ki miƙa ruwa tun bai nema ba, ki ɗaga kofi da ayaba ki ce wanne. A tatsuniya, in an kai inda Gizo ya shirya wa Ƙoƙi dabara, a tsaya a tambaya: ita ta sani? Me take zato? Kalmomin da manyan Nikaraguwa suka rasa ke nan.

Wasu abubuwa biyu da ake tsawatarwa a kansu bai kamata ba. Yaro ɗan 3 zuwa 6 da ke magana shi kaɗai yana wasa, "wannan nan, a'a, ba ya shiga", ba aljanu ba ne. Lev Vygotsky na Rasha ya bayyana shi tun kafin rasuwarsa a 1934: umarnin da manya ke ba shi ne ya fara ba kansa, daga baya ya koma cikin zuci. Yana ƙaruwa in aikin ya yi wuya. Na biyu, cizo da duka da birgima sun fi yawa ga yaron da bai da kalmar abin da ke damunsa. A ba shi ita a lokacin: "ka ji haushi, an karɓe maka". Sannan a koya masa abin da zai ce: "nawa ne", "ba ni in ka gama".

Dakta Mai Kunne:
Goggo, saura abu uku da ake yawan kawowa asibiti a makare. Linzamin harshe na iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba ya hana fahimta ko tara kalmomi, don haka yanke shi ba ya buɗe baki. Cire beli kuwa ba ruwansa da magana, sai haɗarin zubar jini da tetanus. In'ina takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran tana barinsu da kanta. Kada a ce masa "yi a hankali", kada a ƙarasa masa jimla, babba ya rage saurin tasa maganar. In ta wuce wata 6, ko akwai mai ita a dangi, ko yaron ya fara gudun magana, a nemi masanin gyaran magana a asibitin koyarwa.

Mai Maganar Hannu:
In kuma gwaji ya nuna kurma ne, a fara maganar hannu a makon, kada a jira kuɗin na'urar ji. Ba ta hana koyon magana da baki, tana ba yaro harshen da zai tsaya a kai kafin na'urar ta samu. Muna da tamu: Constanze Schmaling ta yi nazarin maganar hannu ta Hausa a Kano ta wallafa a 2000, harshe ne mai tsarinsa. Makarantun kurame kuma galibi suna amfani da wadda ta samo asali daga ta Amurka, da Andrew Foster ya shigo da ita ta Ghana a 1957 da Ibadan a 1960, don haka yaro zai iya haɗuwa da biyun. A nemi babban kurma a unguwa ya riƙa zuwa gidan, a koya tare da yayye da kaka, ba uwa kaɗai ba. A fara da alamun abin da ake yi kullum: nono, ruwa, wanka, barci, zafi, sunayen mutanen gida. A taɓa kafaɗarsa a jira ya ɗago kafin a yi alamar, mai yi ya fuskanci haske, kuma in ana hira a tsakar gida wani ya riƙa juya masa abin da ake cewa.